Ta ina ake fara horon kai a koyarwar Hindu?

Ɗan Naraguta:
Assalamu alaikum. Ina karanta nazarin addinai a Jami'ar Jos, mun iso kan tarbiyya a addinin Hindu. An ba mu jerin sunaye kawai mu haddace. Ni kuwa aikin nake so in gane: da me suke farawa, kuma me ke sa wanda ya fara ya watsar?

Malam na Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Littafin Yoga Sutra na Patanjali, wani malaminsu na zamanin da, ya kawo hani biyar, su ne yama: ahimsa, rashin cutar da mai rai, satya, gaskiya, asteya, rashin sata, brahmacharya, kame sha'awa, aparigraha, rashin tara abin da ba ka bukata. Sai niyama biyar, wato abubuwan da mutum zai lizimta: tsafta, wadatar zuci, juriya, nazari, da miƙa wuya ga Ubangiji.

Kula da jerin. Ahimsa ce a gaba, masu sharhi kuma sun ce sauran duk daga gare ta suka tsiro. A nan masu farawa ke tuntuɓe: mutum ya riƙe gaskiya ya saki rashin cutarwa, ya dinga ci wa jama'a mutunci yana cewa ai gaskiya ya faɗa. Bhagavad Gita, ɗaya daga littattafansu masu tsarki, babi na 17 aya ta 15, ya gindaya wa magana sharuɗɗa huɗu: kada ta tayar da hankali, ta zama gaskiya, mai daɗin ji, mai amfani. Wadda ta rasa ɗaya, ko a gyara ta ko a haɗiye.

Asteya ma ta wuce shiga gidan mutane. Ɗan kasuwar Farin Gada da ya cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓen tumatir, da ma'aikacin da ke barin ofis da ƙarfe ɗaya a biya shi yini cikakke, duk sun karya ta. Shawarata a ɗauki hani ɗaya tak, a ƙayyade shi, misali ba zancen wanda ba ya wurin, a riƙe shi har ya zauna. Goma a tashi ɗaya ba sa kai mako.

Malama Rikkos:
Malam ya yi bayani. Ƙanena, duba Bhagavad Gita, babi na 2, aya ta 62 da 63. An jero yadda mutum ke zamewa: yawan tunanin abu, sai shaƙuwa, sai kwaɗayi, in an hana shi sai fushi, sai ruɗewa, sai mantuwa da abin da ya sani, sai hankali ya gushe. Yawanci sai an kai fushi ake neman dannewa, alhali tun a matakin tunani ake yanke sarkar. Mai raba dare yana kallon kayan wasu a waya ya riga ya taka na farko.

Maganin da Patanjali ya bayar shi ne a kawo kishiyar tunanin da gangan. Hassada ta taso, a nemo alheri ɗaya na mutumin a tsaya a kai. Ya kuma ce horo ba ya kafuwa sai an daɗe ana yi, ba yankewa, da himma. Don haka minti goma kullum sun fi awa biyu ranar Asabar kaɗai.

Baba na Bukuru:
Ga lokaci da abinci, yarona. Masu wannan horo suna tashi a brahma muhurta, wanda ke farawa awa 1 da minti 36 kafin fitowar rana, tsawonsa minti 48. In rana za ta fito 6:30, daga 4:54 ke nan zuwa 5:42. Kuskuren shi ne a matso da tashi a bar kwanciya inda take. Ga sanyin Jos da hunturu, kwana uku an koma bargo. A matso da duka biyun, minti 15 kowane mako.

Wajen ci, ana barin kashi ɗaya cikin huɗu na ciki babu komai. Akwai azumin Ekadashi, rana ta 11 a kowane rabin wata, sau biyu ke nan a wata: ba hatsi, ba wake, amma da yawa suna cin dankali, madara da 'ya'yan itace. Mai ciwon suga kada ya gwada sai ya ga likita. Gita ɗin kansa, babi na 6, ya ce wannan hanya ba ta mai yawan ci ba ce ko mai ƙin ci, ba ta mai yawan barci ba ce ko mai hana ido barci.

Ɗan Naraguta:
Na gode, Baba. To ina iyakar tarbiyya da ibada a ciki?

Malam na Unguwar Rogo:
Hanin biyar, da tsafta da wadatar zuci, ɗabi'u ne tsakaninka da mutane da kanka. Niyama ta ƙarshe, da maimaita mantra (kalmomin addu'arsu) da carbi mai ƙwaya 108, da azumin Ekadashi da ake yi domin Vishnu (ɗaya daga manyan allolinsu), ibadarsu ce zalla. A jarrabawa ka rubuta su a matsayin ibada, ka kuma ambaci cewa su a wurinsu ba a raba biyun.