Albashi na shigowa, amma ba ci gaba: a ajiye aikin?

Ɗan Fagge: Jama'a, mai aikin da ba wahala, ba ƙarin girma, me zai duba kafin ya ajiye?

Mai Lissafi: Fara tara kuɗin cefane da haya na wata 6. Sannan bashin banki: wanda ake cirewa daga albashi ba ya tsayawa don ka bar aiki, ruwa na ta hawa.

Yaya Babba: Ƙanena, karanta takardar ɗaukarka. In ta ce sanarwar wata 1, ka bayar, in ba haka ba albashin wata ne za ka biya.

Mai Lissafi: Kada a dogara da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ba da damar cire kashi 25 cikin 100 kacal na abin da ka tara, bayan wata 4 ba aiki.