Musayar waƙa: an tsuke baitulmali, wa zai kula da daji?

Tsohon Malamin Daji, Garwa:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan abin da rage kasafin kuɗi yake yi wa itatuwa da masu tsaronsu.

Da sunan Ta'ala nake buɗe waƙa,
A kan bishiya da ƙarancin kulawa.

A damina kowa yana son dashe,
Da rani ake gane mai shayarwa.

Idan aka tsuke bakin baitulmali,
Da kason daji ake soma yankewa.

Itace ba ya ƙuri'a, ba ya ƙara,
Ba ya zuwa Yawunde don kokawa.

Mai gadi yana nan, babur ba mai,
Gatari na aiki, ba mai hanawa.

Gandun reno ya zama filin awaki,
Rijiyar cikinsa tana ta ƙafewa.

Waɗanda ba su riski zamanin ba su sani cewa a 1993 an zaftare albashin ma'aikatan Kamaru sau biyu, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuma mu da muke aikin daji mun ga yadda sintiri ya ragu a waɗannan shekaru.

Ɗan Kusiri:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ba zan bar wannan ta wuce ba.

Kawu, na ji waƙarka har ƙarshenta,
Amma akwai baitin da ka bari saura.

A shekarun da baitulmali ke cike,
Me muka gani a wurinku ban da tara?

Tsohuwa ta ɗauko kirare a ka,
Ku tsare ta a hanya, ku kai ta ƙara.

Mai babbar mota cike da gawayi,
Ya wuce shingenku ba ko hattara.

In kuɗi ne ke sa itace ya tsaya,
Ina dajin da kuka tsare a bara?

Tsohon Malamin Daji, Garwa:
Ɗana, na karɓi amsa-amonka, kuma da shi zan mayar maka.

Duk wanda ya ci tara ta zalunci,
Yana da hisabi a ranar lahira.

Ka je Buba Njida ka tambayi giwaye,
Wa ya tsaya musu sa'ad da aka fara?

Mai gadi kaɗan, ga daji da faɗi,
Ta ina zai tare, ta ina zai lura?

Kai da ke dafa shayi a kan gawayi,
Ka duba murhunka, shi za ka gyara.

A farkon 2012 maharba a kan dawaki suka shiga Buba Njida, gandun da faɗinsa ya kai hekta 220,000, suka kashe ɗaruruwan giwaye kafin a tura sojoji. Ba yawan masu gadi ne ya jawo wannan asara ba, ƙarancinsu ne.

'Yar Marwa:
Allah ya ƙara basira, Baba. Ɗangon murhu ya isa amsa, kuma ban ga abin da mutanen Kusiri za su ɗora a kansa ba. Ga nawa a kan itatuwan cikin gari, waɗanda ake mantawa da su idan ana zancen giwa.

Ku zo Marwa a cikin watan Afrilu,
Ku ga ciniki a gindin darbejiya.

Waɗanda suka dasa ta sun kwanta dama,
Mu muka gaji inuwarta a kan hanya.

Yanzu reshe ya tsufa, ba mai ragewa,
Iska ta taso, ya faɗa kan waya.

Wadda ta faɗi ba a maye gurbinta,
Kututture ake bari shi ɗaya.

An farfaɗo da shirin Sahel Vert a 2008 domin a mayar da itatuwa yankin Arewa Mai Nisa, amma dashe ba ya rayuwa sai da shinge, da mai gadi, da ban-ruwa har ya ƙetare rani, kuma waɗannan ne ake fara janyewa idan kuɗi ya yi ƙasa.

Alaramma na Mora:
Allah ya gafarta Malam, ina da gyara. Baitinka na farko ya hau karin Mutaƙarab daidai, amma ɗangon "Mai gadi yana nan" ya soma da gaɓoɓi masu nauyi uku a jere, don haka ya sauka daga kan karin. Na Ɗan Kusiri kuwa ban gano karin da ya hau ba tun daga farko.

Idan za a kare itace da waƙa,
A auna ta sosai da kyau a ma'auni.

Gwanin da ya karya kari ya yi sara,
Yana yanke reshe tsakar nan ta rani.

'Yar Marwa:
Alaramma, mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin daji a ƙafa ya cancanci a saurari ma'anarsa kafin a ƙirga masa gaɓa.

Ɗan Kusiri:
Yaya, da nawa ɗangon kaɗai aka gyara, na tabbata ba za ki ce komai ba. Alaramma ya yi adalci tunda ya haɗa mu duka, ko da yake waƙar baka ta girmi aruli, ma'aunin karin waƙa na Larabawa da yake auna mu da shi.

Alaramma na Mora:
Waƙar baka tana da kiɗan da ke riƙe ta. Wadda aka rubuta ba ta da kalangu, kari ne kaɗai madogararta.

Na Injamena:
Ku gafarce ni, sai yanzu na ga musayar.

Ku bar gardamar kari ku ji ta Cadi,
Da fetur ya faɗi muka rasa makama.

Idan alawus ya ragu da rabi,
Wa zai bi daji a ƙafa da himma?

An hana gawayi tun kafin wannan,
Gas bai wadata ba, mata na fama.

Kuɗin waje ne ya biya masu gadi,
Giwar da ta tsira tana Zakuma.

Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa,
Wa za ya ɗauki wannan hidima?

Matakan tsuke bakin aljihu guda 16 da gwamnatin Cadi ta ɗauka a 2016 ne nake nufi. Giwayen gandun dajin Zakuma na Cadi sun ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun, daga nan kisa ya lafa. Abin da ke damuna shi ne masu bayarwa su ma suna rage nasu, domin a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID.

Manomin Kaele:
Ni ban jira kasafi daga Yawunde,
Gawo na tsiro da kansa a gona.

Ya kaɗe ganye idan ruwa ya sauka,
Dawa ta yi kyau a gindinsa da damina.

Da rani ya ba dabba 'ya'ya da inuwa,
Abin da yake so kawai kar a ƙona.

Tsohon Malamin Daji, Garwa:
Ƙanena, ka faɗi gaskiya a kan gawo, kuma da kowane manomi zai bar ƙananan da suka tsiro masa, da an rage wa gwamnati nauyi mai yawa. Amma Waza ba gona ba ce, gandun daji ne na gwamnati mai hekta 170,000. Da aka gina madatsar Maga a 1979 ambaliyar kogin Logon ta ragu a fadamarta, ciyawa ta lalace, kuma sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya, da kuɗi da ma'aikata.

Gawonka yana da kai a kusa da shi,
Raƙumin dawa a Waza wa ke nasa?

Wutar daji ba ta san iyakar gona ba,
In ba a share mata layi ba, sai ta isa.

Ɗan Kusiri:
Kawu, na yarda a ƙara muku kaso, amma da sharaɗi.

A ba ku mai, a ba ku babur da albashi,
Amma a liƙa lissafin tara a kasuwa.

Mu ga nawa aka karɓa, nawa aka dasa,
Nawa ne kuma ya kai damina mai zuwa.

Alaramma, ka auna waɗannan ma, amma ina jiran Kawu ya fara amsa sharaɗin.