Ƙarancin manoma ya 'yanta na Ingila, ya ɗaure na Rasha: ina na kuskure?

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina fama da babi na biyu na aikin kammala digirina, malamina ya mayar mini da shi har sau biyu, jan biro ya cika gefen takarda.

Ina kwatanta boren manoman Ingila na 1381 da na Pugachev a Rasha, 1773 zuwa 1775. Duka an murƙushe su. An kashe Wat Tyler, jagoran boren Ingila, a Smithfield da ke Landan, Sarki Richard na Biyu ya janye alƙawarin 'yancin da ya yi a Mile End. Shi kuwa Pugachev a Mosko aka sare masa kai. Amma a Ingila ɗaure manomi da gonar ubangida ya yi ta zagwanyewa da kansa, a Rasha sai 1861 Alezanda na Biyu ya soke shi.

Da farko na jingina komai ga annobar 1348 a Ingila: mutane sun mutu, hannu ya yi ƙaranci, lada ya tashi. Malam ya rubuta: "To Rasha fa?" Kuma yana da gaskiya, can ma ƙasa ce jibge babu masu nomanta, amma dokar 1649 ta ba iyayengiji damar kamo manomin da ya gudu komai daɗewa. Na koma kan harajin kai da ya tunzura boren 1381, ya ce wannan musabbabin faɗa ne kawai.

Don Allah masana tarihi, wane dalili ne ya sa ƙarancin manoma iri ɗaya ya haifar da sakamako mabambanta a ƙasashen biyu?