Wata tara ina jiran laftof ta sauko, kuɗin sun narke

Ɗan Maamobi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Bayan ƙaramar Sallah na kwashi adashina, sidi 4,500 cif, don in sayi laftof ta aikin zanen katin biki da fosta. Har na je Circle a nan Ankara (Accra), na shiga Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da kwamfuta, an kunna min wata HP ina latsa ta, sai wani babba da nake jin nauyinsa ya kira ni a waya. Wai kar in kuskura, sidi na ta yin ƙarfi, kaya za su karye, kuma sababbin samfuri na kan hanya, tsofaffi za su yi araha. Na ce wa mai shago zan dawo. Yau wata tara ke nan. Kuɗi kuwa ba sa kwana lafiya a asusun waya na MoMo: gudummawar suna, maganin Inna, kuɗin makarantar ƙanwata, yanzu 2,900 suka rage. Har yau da ta aro nake aiki, sai mai ita ya kwanta a miƙo min, da asuba in mayar. Makon jiya aikin katin aure ya kuɓuce min don mai ita ya tafi da abarsa Tamale. Ni dai na gano cewa duk wanda ya ce maka ka jira sabuwa ta fito, jiran gawon shanu ya sa ka. Gobe zan koma Circle in ɗauki duk gwanjon da kuɗina suka kai.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya mayar maka da alheri.

Alhajin Circle: Wa alaikumus salam. Ɗana, dakata. Gwanjo ka ce? Kayan da muke sayarwa ne gwanjo?

Ɗan Maamobi: Alhaji, wallahi ba da kai nake ba. Maganar jira nake yi.

Alhajin Circle: Da ni kake mana, shekara goma sha shida ina wannan layi. Hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka kawo, daban, gwanjo daban. Ofisoshi da kamfanoni a Ingila da Jamus da Amurka suna sauya wa ma'aikatansu kwamfuta bayan shekara uku ko huɗu. Dillalai su saye su a jimla, a goge abin da ke ciki, a ware masu kyau da masu tabo, a lodo su su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Kwamfutar da ta yi zamanta a ofis mai sanyi, ba ƙura, ba ɗauke wuta. Gwanjo ita ce wadda aka gama gallaza wa a nan gida, ta sha ƙurar hunturu, ta sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, mai ita ya gaji ya kawo kasuwa. Kar ka haɗa mu da wannan.

Bakanon Madina: Alhaji, da girmanka, amma a Hausa duk abin da hannu ya riga ya taɓa ai gwanjo ne. Ko daga Landan ya zo ko daga Kasoa. Je ka Ƙofar Wambai a Kano, kayan gwanjon da ke can daga ƙasashen waje ake kawo su, ba wanda ya sauya musu suna.

Alhajin Circle: Nan ba Kano ba ne.

Bakanon Madina: Hausar dai ɗaya ce.

Malamin Sabon Zango: Ku duka kun kauce. Asalin gwanjo shi ne cinikin da ake tara mutane ana ɗaga kaya ana cewa wa zai ƙara. Daga baya ne aka laƙaba wa tufafin da aka riga aka sa. In Alhaji ba ya kaɗa ƙararrawa a shagonsa, to a asalin kalma ba gwanjo yake yi ba.

Bakanon Madina: Malam, da asalin kalma ake zuwa kasuwa ko da abin da mutane ke faɗa yau?

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Alhaji, me ya sa ka zabura kamar an zage ka? Gwanjo abin kunya ne? Ni dila nake kwancewa a kasuwar Kantamanto tun ina goyon 'yan biyuna, da ita na kai su makaranta har suka gama sakandare. Gobarar Janairun 2025 ta cinye min rumfa ƙurmus, na sake tashi da bashi, ban roƙi kowa ba. Yau kuma a zaure ɗaya da ni ana cewa kar a haɗa ku da mu.

Alhajin Circle: Hajiya, ki gafarce ni, ban raina sana'arki ba. Amma riga ba inji ba ce.

Uwar Biyu: Duk jirgin ruwa ɗaya ya kawo mana, duk Bature ne ya gama da su. Naka da caja, nawa da maɓalli, shi ke nan bambancin.

Mai Gyara na Nima: Jama'a, yaron nan gobe zai kashe kuɗinsa, ku bari in gaya masa abin da zai duba. Ƙanena, ko me za a kira ta, abin da ya fi suna muhimmanci shi ne shekarun injin. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Akwai ƙarin wa'adin tsaro ga wanda ya yi rajista, shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar injin Intel, irin su i5 da i7, da ke ƙasa da zubi na takwas, kuma sai da guntun tsaron nan TPM 2.0. Kar sitikar i7 ta ruɗe ka. A irin siraran kwamfutocin ofis ɗin nan, i7 zubi na shida ko na bakwai ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5 zubi na takwas kuwa huɗu. A irin waɗannan, lambar farko bayan i5 ko i7 ita ce zubin: 8250 na takwas, 6600 na shida. EliteBook 840 G5, Latitude 7490, ThinkPad T480, yawancinsu na takwas ne, amma akwai masu na bakwai a cikinsu, sai ka duba lambar. EliteBook 840 G3 kuwa na shida ce, ko da kuwa jikinta na ƙyalli. Za a ce maka ga shi an sa mata Windows 11 tana aiki. E, ana tura ta ta bayan gida, ni ma na iya, amma ba ka da tabbacin sabuntawa gobe. Ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, kar ya gaza giga 8, in da hali 16 tunda zane kake, kuma lallai ma'ajiyarta ta zama SSD, mai saurin nan.

Ɗalibar Legon: Yaya Mai Gyara ya faɗi gaskiya. Ni a shekarar farko na sayi wata a wani shago, aka rantse min hom-yus ce, batir awa biyar. A shagon tana jone da wuta, ban kawo komai a raina ba. Na isa ɗaki na cire caja, ko minti arba'in ba ta yi ba ta mutu. Bayan wata biyu wurin da ake shafawa da yatsa ya fara tasowa, ashe batir ne ya kumbura a ƙarƙashi. Da na koma aka ce garantin mako biyu ne. To wannan wane suna za a ba ta, Alhaji?

Alhajin Circle: 'Yata, a shagona kika saya?

Ɗalibar Legon: A'a Alhaji.

Alhajin Circle: To alhamdu lillahi. Wannan gwanjo aka sayar miki da sunan hom-yus, kin ga kuwa maganata ta fito. Kuma nawa kika biya? Araha ba ta ado. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗalibar Legon: Ban sayi rariya ba, Alhaji, kwamfuta na biya, da kuɗin da mahaifiyata ta tara a sayar da koko.

Ɗan Aboabo: Ku dai mutanen Ankara kun saba. Ɗan'uwa, hau mota ka zo Kumasi in kai ka kasuwar Adum da kaina. A nan ɗan kasuwa ya san gobe zai haɗu da kai a masallaci, ba ya yi maka haka.

Shugaban Zaure: Ɗan Aboabo, a kiyaye harshe. Ba a yi wa gari kuɗin goro.

Ɗan Aboabo: Ban kama sunan kowa ba, Shugaba.

Alhajin Circle: Kayan Adum ɗin ta ina suke shigowa? Kumasi na da teku ne? Rabin masu shagunan can a wurinmu suke sara, su ɗora kuɗin mota, su ce maka sun fi mu amana.

Ɗan Aboabo: Rabin? Wa ya ƙirga? Akwai masu oda kai tsaye daga Dubai da Chaina, ba su san hanyar shagonka ba.

Bakanon Madina: Kuma ta Dubai ɗin ma gwanjo ce.

Malamin Sabon Zango: Bakano, ka bar wannan kalma haka nan, ka ga tana ɓata wa dattijo rai.

Bakanon Madina: Malam, Hajiya ma dattijuwa ce, ita ba a duba ranta ba.

Yaya na Tema: Na karanta duka, kuma tunda ƙanena ya kawo maganar gida zaure, ni ne babban da ya ce ya jira. Ba na musu, kuma ko yau haka zan faɗa. Wa ya manta yadda aka yi? A farkon 2025 dala na wajen sidi 15, kafin tsakiyar shekara ta dawo kusa da 10. Duk mai hankali zai ce kayan da ake shigowa da su da dala za su sauko. Laifina ne da 'yan kasuwa suka ƙi saukewa yadda ya kamata? In dala ta hau da safe, kafin azahar sun sauya farashi. In ta faɗi, sai ka ji wai tsohon kaya ne. Kuma ni na ce ka jira, ban ce ka taɓa kuɗin ba.

Ɗan Maamobi: Yaya, ni ban ambaci sunanka ba. Amma da Inna ta kwanta, kai ne ka ce in fara biya za ka mayar min.

Yaya na Tema: Wannan ba maganar zaure ba ce. Zan kira ka.

Alhajin Circle: Tunda an taɓo 'yan kasuwa sai na amsa. A 2022 sidi ya tashi daga wajen 6 ya haura 14 a kan dala cikin shekara ɗaya. Na sayar da kaya, na juya in sake saro, kuɗin ba su kai rabin abin da na sayar ba. Wa ya zo ya yi min jaje? Kayan da ke shagona lokacin da sidi ya yi ƙarfi, da dala mai tsada na saro su, da ita aka yi min lissafin kuɗin fito a tasha. In sayar a faɗi don a ce ni mutumin kirki ne?

Yaya na Tema: Wata tara, Alhaji. Tsohon kayan bai ƙare ba har yanzu?

Mai Gyara na Nima: Akwai abin da ya shigo tsakani. Tun ƙarshen 2025 kuɗin ram ya tashi a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke yi. Ni da nake saye ina ƙara wa mutane na ji a jikina. Sabuwa kuwa kullum akwai wata a hanya, duk shekara sai an fito da wani zubi, kuma mai sidi 2,900 ba shi ake ƙera wa ita ba. Wanda aikinsa ke tsaye, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wanda tasa ke aiki lafiya shi ne zai iya jira. Ƙanena, gobe kafin ka biya, a cire caja a gabanka, ka kunna bidiyo ka zauna minti ashirin kana kallon yadda batir ke sauka. Ka sa a fito maka da rahoton batir na Windows, zai nuna ƙarfinsa na asali da wanda ya rage. Ka latsa kowane harafi, ka buɗe farin shafi ka duba tabo a gilashi, ka ɗaga murfin ka ji ko maƙalarsa ta saki.

Ɗalibar Legon: Ko ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi MacBook mai M1, ƙawata na da ita, tun safe har dare ba caji.

Mai Gyara na Nima: Inji ne mai kyau, amma ta 2020 ce, kuma ram ɗinta a manne yake, ba a ƙarawa. Kin kuma dawo da shi kan jira.

Uwar Biyu: Ni har yanzu ina jiran Alhaji ya janye maganarsa.

Alhajin Circle: Hajiya, na ce ki gafarce ni.

Uwar Biyu: Ka ce in gafarce ka, sannan ka ce riga ba inji ba ce.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Na ɗaya, an fahimci cewa hom-yus ba gwanjo ba ce, kamar yadda Alhaji ya yi bayani kuma Malam ya tabbatar daga asalin kalma. Alhaji mutum ne da na sani tun muna yara a Nima, kwamfuta uku na saya a hannunsa, ba wadda ta ba ni kunya. Na biyu, abin da ya sami 'yarmu ta Legon darasi ne a kan bin araha da sayayya a wurin wanda ba a sani ba. Na uku, babu dalilin ɗaukar kuɗi a kai Kumasi alhali kaya a nan suke sauka. Na huɗu, jira bai amfani kowa ba, duk zaure ya yarda da haka. Shawarata ga ƙanenmu, gobe ya wuce shagon Alhaji kai tsaye, na san zai duba shi. Hajiya kuma a yi haƙuri, an riga an ba ki baki. An rufe wannan magana.

Bakanon Madina: Shugaba, wa ya fahimci haka? Ni ban fahimta ba.

Yaya na Tema: Ni ma ba a tambaye ni ba aka ce duk zaure ya yarda.

Ɗalibar Legon: Ban ce na bi araha ba, Shugaba. Ko farashin ban faɗa ba.

Ɗan Maamobi: Yaya Mai Gyara, 2,900 za ta kai zubi na takwas ɗin kuwa? In ba damuwa ka raka ni, ƙarfe goma zan biyo ta shagonka.

Mai Gyara na Nima: Da ƙyar, sai dai mai ram 8 da ɗan tabo a murfi. Ka taho da filashi mai aikinka a ciki mu gwada a kanta. Sha ɗaya ya fi min, ina da allon da zan sauya da safe.