Karin wannan waƙar ya ƙi fita, a taimaka

Ɗalibar Hausa: Salamu alaikum malamaina. Waƙar raha ce ta siyasa, ƙwar biyu (kowane baiti layi biyu), baiti 34, wani tsoho ya yi wa kansilansu. Kawuna ne ya ɗauko a waya wajen ɗaurin aure ya turo min, na kwana uku ina rubutawa, wayar ma ta faɗa ruwa daga baya. Litinin zan miƙa. Baitin farko:

Ina kansilanmu da ya zo jiya,
Yana rantsuwa zai haƙo rijiya.

Ɗango (wato layi) na biyu ya hau Mutaƙarib (karin waƙa na Larabci mai maimaita fa'uulun: gajerar gaɓa ɗaya, dogaye biyu), na farko ya ƙi. In rubuta cewa karin ya karye?

Tsohon Malami: 'Yata, kar ki ɗora wa mawaƙi laifi. Yanka ɗangon ƙafa-ƙafa: i-naa-kan / si-lan-mu / da-ya-zoo / ji-ya. Ƙafa ta biyu fa'uulu ce, zihafi ne halattacce, wato ɗan ragi a ƙafa da ƙa'ida ta yarda da shi. Gaɓar ƙarshen ɗango kuma doguwa ake ƙirga ta ko da gajera ce. Ciwon yana ƙafa ta uku. Mutumin ina ne? In Basakkwace ne, "yaz zo" ya ce, kika mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Da-yaz-zoo, ga fa'uulun nan cif.

Ɗalibar Hausa: Na wajen Gusau ne, Malam. Amma daidaitacciyar Hausa aka ce mu rubuta, ba ni na zaɓa ba.

Ɗan Zariya: Ni fa wannan cusa wa kowace waƙa aruli, wato ma'aunin karin waƙar Larabci, ya ishe ni. In da kalangu a bayanta, waƙar baka ce, bugun kiɗa za ki bi. Sassan Hausa na jami'o'i sun mayar da Halilu, wanda ya tsara arulin, liman.

Tsohon Malami: Ɗango mai ƙafa huɗu daidai ba da ka yake zuwa ba. Ki duba amsa-amo kuma: harafin "ya" ne, amma karin sauti ya saɓa. "Jiya" ta ƙare ƙasa, "rijiya" ta ƙare sama. Bi duk baitocin ki ƙirga kafin ki ce akwai amsa-amon kari.

Maman Biyu: Kuma ki rarrabe, ƙanwata. In ya ambaci suna ya muzanta siffa, zambo ne. Nan ba suna, tambayar rainin wayo ce, habaici ke nan.

Ɗan Zariya: Garin da kansila ɗaya ne, wane habaici?

Ɗalibar Hausa: Babu kiɗa. Amma ni dai ba zan sake rubutun baiti 34 ba, sautin ma ya tafi da wayar.