Ta ina za a fara karanta tarihin 'yantar da Faransa?

Wani ɗalibi ne ya tambaya ta ina zai fara nazarin turjiyar Faransawa ga mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, sai magana ta yi tsawo. Ga abin da na tsinto.

Da farko an ja masa kunne kada ya ɗauka jawabin kira ga turjiya da Janar de Gaulle ya yi a 18 ga Yuni 1940 a rediyon BBC ya tayar da kowa a dare ɗaya. Mutane ƙalilan ne suka ji shi, ko naɗar muryarsa ba a yi ba. Aka ce ya karanta farfagandar gwamnatin Vichy ta Pétain, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, tare da jaridun 'yan turjiya irin su Combat, waɗanda ake bugawa a ɓoye, a miƙa su hannu da hannu, wanda aka kama da su kuwa ransa na kan siraɗi.

Batun Chadi aka fi daɗewa a kai, kuma shi ya fi taɓa min zuciya. Gwamnan Chadi Félix Éboué ya mara wa de Gaulle baya a 26 ga Agusta 1940, kuma daga Chadi Leclerc, kwamandan sojojin de Gaulle, ya tashi da sojojin Afirka ya ci Kufra da ke Libiya a 1941. Amma da rundunarsa ta shiga Paris a Agustan 1944, an riga an zare baƙaƙen fata daga cikinta. Don haka aka ce duk hoton murnar nasara da ya gani, ya tambayi wa aka bari a waje.

Aka kuma ce kada ya tsallake Thiaroye, kusa da Dakar, inda a 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka da suka nemi a biya su haƙƙinsu.