Wai daga 600 zuwa 1000 babu harshen da ya kai Larabci adabi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i muna bitar Shu'ara, littafin waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da ɗalibai a zaure, muka iso kan Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, sai na faɗi wata magana da wani ɗalibi ya ce na yi zafi. Ga ta nan na kawo gabanku. Daga shekarar 600 zuwa 1000 ta miladiyya babu wani harshe a bayan ƙasa da ya kai Larabci adabi, ko kusa. Turawa da bakinsu suke kiran lokacin zamanin duhu. Mu kuwa a lokacin ne Halifa Mansur ya gina Bagadaza a 762, Halilu ɗan Ahmad ya fitar da ilimin aruli, ya auna waƙar Larabawa ya samu kari goma sha biyar, Jahiz mutumin Basra ya rubuta littafin dabbobi da na marowata, aka yi Abu Nuwas, aka yi Mutanabbi wanda aka kashe a 965. Wanda yake da ja ya kawo hujja.

Nasiru: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ni ina bayanka. Ko rubutattun waƙoƙinmu na Hausa a kan karin Halilu aka ɗora su, tun daga na su Nana Asma'u. Wane harshe ne ma'auninsa ya yi irin wannan tafiya?

Malama Rakiya: Malam Habibu, da girmamawa, rabin maganarka gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ba zan bari ya wuce ba. Duhun da Turawa suke faɗi duhun gidansu ne, yammacin Turai bayan faɗuwar Rum. Ba su tambayi mutanen Sin ba kafin su raɗa sunan. Shekarun da ka zaɓa sun faɗa daidai kan daular Tang, 618 zuwa 907. A farkon ƙarni na 18 wani sarkin Sin ya sa aka tattara abin da ya rage na waƙoƙin Tang, aka samu waƙa kusan 48,900 daga mawaƙa fiye da 2,200. Abin da ya tsira ke nan, ban da wanda yaƙi da gobara suka cinye. A ƙasar nan, wanda yake neman babban muƙami a gwamnati sai ya zauna jarrabawa, kuma a cikin jarrabawar har da tsara waƙa. Babban mawaƙinsu Li Bai ya rasu a 762, shekarar da aka aza harsashin Bagadaza. Takwaransa Du Fu ya bi shi a 770, lokacin Jahiz ko haihuwarsa ba a yi ba.

Malam Habibu: Malama, yawa daban, nagarta daban. Tsakuwa ta fi zinariya yawa. Kuma waƙar da aka yi don cin jarrabawa ai waƙar neman abinci ce.

Malama Rakiya: To Mutanabbi fa? Ba neman muƙami ya kai shi Masar wajen mai mulkinta Kafur ba, da bai samu ba ya juya ya zambace shi? Bai rage masa komai ba a wurina, amma kada a auna Sinawa da mudun da ba a auna Larabawa da shi ba. Du Fu kuwa faɗuwa ya yi a jarrabawar, har sau biyu. A ƙarshen 755 ya bar birnin Chang'an cikin tsananin sanyi ya je ganin iyalinsa, ya tarar ƙaramin ɗansa ya mutu da yunwa. A waƙar da ya yi kan wannan tafiya ne ya ce a bayan jajayen ƙofofin manya giya da nama har wari suke yi, a kan hanya kuwa ga ƙasusuwan waɗanda sanyi ya kashe. Cikin wannan lokacin tawayen wani kwamandan soja, An Lushan, ya ɓarke, ya ragargaza daular, Du Fu ya ƙare rayuwarsa yana yawo daga gari zuwa gari, ya bar waƙoƙi kusan 1,400. Ranar da na fara karanta wannan baiti, a fassara ma, sai da na ajiye littafin na yi shiru, don na san gidaje a unguwarmu da zancen ya dace da su.

Batun ma'auni kuma, Nasiru, su ma suna da nasu arulin, mai tsauri ƙwarai. Akwai waƙa mai ɗango takwas, kowane ɗango gaɓa biyar ko bakwai, sannan dole karin sautin kalmomin ya bi tsari, inda murya za ta miƙe da inda za ta karkata. Bahaushe ya fi Balarabe saurin gane wannan, tunda mu ma da sauti muke raba kukan yaro da kukar miya.

Nasiru: Wallahi Anti ban taɓa jin wannan ba. Amma ai waƙa kaɗai kika kawo. Zube fa? Wa ya kai Jahiz?

Maryam: Ni ma bari in sa baki, Yaya Nasiru. Zuben Larabci da ake yabo, ɗaya daga cikin tubalansa na farko Kalila wa Dimna ne. Wannan littafi asalinsa na Indiya ne, da harshen Sanskrit. Wani likita mai suna Burzoe ya juya shi zuwa tsohon Farisanci a ƙarni na 6, zamanin Kisra Anushirwan, sannan Ibnul Muƙaffa, wanda shi kansa Bafarishe ne, ya mayar da shi Larabci wajen 750. Sibawaihi mai littafin nahawu Bafarishe ne. Takardar da aka yi duk wannan rubutu a kanta fasahar Sinawa ce, ta biyo ta Samarƙand ta iso Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8. Idan sauran duniya a duhu take, daga ina aka ɗebo waɗannan?

Malam Habibu: Madalla da Maryam, amma wannan hujja tawa ce kika riƙo mini. Ina littafin Burzoe yanzu? Ya ɓata. Na Ibnul Muƙaffa ne ya rayu, kuma daga gare shi aka fassara zuwa Girkanci da Ibrananci da Sifaniyanci, har labaran suka cika Turai. Sibawaihi Bafarishe ne, na yarda, amma da wane harshe ya rubuta? Abin da nake nufi da fifiko ke nan. Harshe ne da ya zama kasuwa, kowa ya kawo hajarsa, Bafarishe da Basuryane da Bayahude da ɗan ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka. Ku duba Fihrist na Ibnun Nadim. Mai sayar da littattafai ne a Bagadaza, a 987 ya zauna ya jera littattafan Larabci da ya gani ko ya ji labarinsu, ya kasa su babi goma, daga ilimin Alƙur'ani da nahawu har tatsuniyoyin hira da dare. Ɗan kasuwa fa, ba waziri ba. A birnin Ƙurɗuba kuwa, wajen 854, wani malamin Kirista mai suna Albarus ya rubuta kukansa cewa samarin Kiristoci sun raja'a kan waƙoƙin Larabawa, da kyar ake samun mai iya rubuta wasiƙa da Latin. Shaidar abokin hamayya ta fi ta masoyi ƙarfi.

Alhaji Baba: Yarana, ina biye da ku. Abu ɗaya zan gyara wa Habibu. Na yi shekaru ina koyar da tarihi kafin in ajiye aiki, kuma kalmar nan ta zamanin duhu su masanan Turai na yanzu sun yi watsi da ita. A arewacin Ingila akwai wani limamin kirista, Bede, a gidan ibada na Jarrow, ya kammala tarihin mutanen Ingila a 731, kuma littafinsa na cikin abin da ya yaɗa ƙirga shekaru da miladiyya, wadda da ita kake ta ba mu kwanan wata tun ɗazu. Sarki Sharliman, mai mulkin yammacin Turai, ya ɗauko malami Alcuin daga York ta Ingila ya shugabanci makarantar fadarsa, aka yi ta kwafar tsofaffin littattafan Rumawa, kuma yawancin abin da ya tsira na adabin Latin ta wannan kwafe ya iso. Akwai doguwar waƙar jarumta ta Beowulf, ɗango 3,182 da tsohon Turanci. Ban ce sun kai Bagadaza ba. Ba su kai ba, ɗakin karatunsu mafi girma bai wuce 'yan ɗaruruwan littattafai ba, kuma a kan fata suke rubutu. Amma fitilar aci-bal-bal ma haske ce.

Malam Habibu: Na karɓi gyara, Baba. Allah ya ƙara girma. Na janye kalmar duhu.

Malama Rakiya: Baba ya taɓo wani abu da ya fi komai damuna a irin wannan gardama. Beowulf kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, kuma a 1731 gobara ta lashe gefensa. Da wutar ta ƙara ci kaɗan, da yau sai mu ce Ingilishi ba su da waƙar jarumta. Mutanen Maya a Amurka ta Tsakiya suna da cikakken rubutu a daidai waɗannan ƙarnoni, da littattafai na ɓawon itace. A 1562 wani limami ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara waɗanda ya samu ya cinna musu wuta a garin Mani. Guda huɗu kawai suka rage yau. To idan muka ce wane ya fi wane, abin da wuta da gara suka bar mana muke aunawa. A Habasha ma a ƙarni na 6 aka yi Yared, wanda har gobe cocinsu yake rera waƙoƙin ibada da ake jingina masa da harshen Ge'ez.

Maryam: Kuma har yanzu ba a ambaci mata ba. Ni abin da ya fara jawo ni ga wannan zamani shi ne fadar Japan. Maza a can suna rubuta manyan al'amura da harshen Sin, matan fada kuwa suka riƙi rubutun Japananci da ake kira kana, suka rubuta harshen da suke magana da shi. Wajen shekarar 1000 Sei Shonagon ta rubuta littafinta na abin da ta gani da abin da take so da wanda take ƙi. Ba da jimawa ba Murasaki Shikibu ta rubuta Labarin Genji, babi 54, mutane ɗaruruwa, ana binsu suna girma suna tsufa suna mutuwa, ana shiga zuciyar kowa. Da yawa suna cewa shi ne ƙagaggen labari na farko a duniya. Larabci bai yi irin wannan ba a lokacin.

Nasiru: Ƙanwata, Genji ya tsallake 1000, ya fita daga iyakar da Malam ya shata. Kuma mu ma akwai Hansa'u, marsiyyarta ga ɗan'uwanta Sahru har yau tana sa mutum hawaye.

Maryam: Da shekara nawa ya tsallake, Yaya? Bai fi goma ba. Shahnama ta Firdausi ma a 1010 aka gama ta, baiti kusan 50,000 da Farisanci, kuma shekara talatin ya yi yana aikinta, ka ga yawancinta a cikin iyakar aka yi. Idan iyaka ce matsalar, ga Man'yoshu na Japan a ƙarni na 8, waƙa kusan 4,500, a ciki har da na sojojin kan iyaka da na talakawan ƙauye. Hansa'u kuwa ban taɓa ja da ita ba.

Malama Rakiya: Ni ma kaina ba na yarda da cewa Genji ne na farko. Wani mai suna Bana, marubucin fadar Sarki Harsha a Indiya a ƙarni na 7, ya rubuta Kadambari da zube, ya rasu bai gama ba ɗansa ya ƙarasa. Har yau a harsunan Marathi da Kannada, kadambari ita ce kalmar da suke kiran ƙagaggen labari da ita. Gasar wa ya riga wa ba ta da ƙarshe.

Malam Habibu: To bari in sake ɗaura maganata, tunda kun sassauta mata igiya. Ban ƙara cewa babu mai adabi sai Larabawa ba. Du Fu ɗin nan ya shiga raina, Malama, ba zan ɓoye ba. Abin da na tsaya a kai shi ne faɗi. Daga Ƙurɗuba zuwa Buhara mutum yana iya rera baitin Mutanabbi a gane shi. Kuma abin bai tsaya a can ba, ya ƙetaro Sahara. Yau a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram ana zaune a kan buzu ana fassara Imru'ul Ƙaisi kalma-kalma da Hausa, waƙar da aka yi tun kafin hijira. Wannan ban ga na biyunsa ba.

Malama Rakiya: A nan ma zan ja, amma kaɗan. Rubutun Sin shi ne Larabcin Koriya da Japan da Biyetnam, fiye da shekara dubu. Bai Juyi, wanda ya rasu a 846, tun yana raye ake kwafar waƙoƙinsa a Japan, kuma Murasaki ta yi ta ɗauko shi a cikin Genji. Sanskrit ya kai Kambodiya da tsibirin Jawa, an sassaƙa waƙoƙinsa a kan duwatsu. Yaran makaranta a Sin har yau suna haddace Li Bai kamar yadda ɗalibanka suke haddace Shu'ara. Larabci ne ya iso ƙofar gidanmu, shi ya sa muke jin nauyinsa fiye da sauran, kuma ni ma shi na fi ji. Abin da zan ba ka ba tare da gardama ba shi ne fassara: a ƙarni na 9 babu birnin da ya kwaso ilimin Girka da Farisa da Indiya ya haɗa wuri ɗaya kamar Bagadaza.

Malam Habibu: Wannan kika ba ni, na riƙe. Faɗin ma ban sake shi ba, don Sinanci maƙwabtansa ya kama, Larabci kuwa ya ratsa nahiya uku.

Alhaji Baba: To ku bar shi a nan, dare ya yi. Rakiya, ranar Asabar ki kawo mana waƙar Du Fu ɗin nan gaba ɗayanta da Hausa. Habibu, kai kuma ka kawo marsiyyar Hansa'u ga Sahru. Ɗaya ya binne ɗa, ɗaya ta rasa ɗan'uwa, ina so in ji su a jere da kunnena.

Malama Rakiya: To Baba, in Allah ya kai mu. Sai dai doguwa ce, ɗango ɗari, a ba ni har Lahadi.